Cingis Khan da Dutsen Burkhan Khaldun: Marayan da ya ɓuya a dutse, ya sauko ya girgiza duniya

A filinmu na tarihi na wannan mako zan ɗauke ku mu yi nisa sosai, mu tafi ƙasar Mongoliya, wadda ke tsakanin Rasha da Sin.

Tun ina yaro nake jin sunan Tattar a bakin malamai idan ana ba da labarin faɗuwar Bagadaza a shekarar 1258, yadda Halaku ya shiga birnin ya kashe Halifa Al-Musta'asim. Sai da na girma na fara bin littattafan tarihi sannan na gane cewa Halakun nan jika ne, akwai kakansa wanda shi ya kafa daular tun daga tushe. Larabawa suna rubuta sunansa Jankiz Khan, mutanensa kuma suna cewa Cingis. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne wani dutse. Duk inda ka juya a tarihin mutumin nan sai ka ci karo da dutsen: a can aka ce asalinsu yake, a can ya tsira da ransa, a can ake kyautata zaton an binne shi, kuma har yau gwamnatin ƙasar tana hawa ta yi masa hidima.

Sunan dutsen Burkhan Khaldun. Kada wani ya haɗa shi da Ibn Khaldun mai Muƙaddima, kamar sauti ce kawai, wannan kalmar Mongol ce. Yana cikin jerin duwatsun Khentii, arewa maso gabas da Ulanbata, babban birnin ƙasar, kuma tsayinsa ya haura mita 2,300. Daga waɗannan duwatsu koguna uku suke tasowa, wato Onon da Kerlen da Tul. Ga makiyayi kuwa, inda ruwa yake tasowa nan rayuwa take. Akwai wani tsohon littafi da aka rubuta bayan mutuwar Cingis, ana kiransa Ɓoyayyen Tarihin Mongol, kuma yawancin abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga ciki ya fito. Littafin ya buɗe ne da tatsuniyar asalinsu, cewa wani kyarkeci da wata barewa suka ƙetaro ruwa suka zauna a mafarin kogin Onon a gindin wannan dutse, daga nan zuriyar ta yaɗu.

Haihuwa da maraici

An haife shi wajen shekarar 1162 a bakin kogin Onon, aka raɗa masa suna Temujin. Mahaifinsa Yesugai jarumi ne daga gidan Borjigin. Mahaifiyarsa Ho'elun, ita kuma sato ta aka yi. Tana amarya mijinta na farko, ɗan ƙabilar Markit, yana tafe da ita zuwa gida, Yesugai da 'yan'uwansa suka tare hanya suka ƙwace ta. Ku riƙe wannan magana, don za ta dawo.

Yana ɗan shekara tara ko kusa da haka mahaifinsa ya ɗauke shi neman aure, aka yi masa baiko da wata yarinya mai suna Borte, 'yar ƙabilar Onggirat, aka bar shi a gidan surukai kamar yadda al'adarsu take. A hanyar komawa gida Yesugai ya tsaya ya ci abinci wurin wasu mutanen Tattar, tsofaffin abokan gabarsa, suka sa masa guba. Yana isa gida ya kwanta, bai tashi ba.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya taɓa ganin yadda dangi ke watsewa idan mai gida ya faɗi zai gane shi. Mutanen Tayiciut, waɗanda suke zaune tare da su, suka naɗe tantunansu suka kora dabbobi suka yi gaba, suka bar Ho'elun da ƙananan 'ya'ya a fili. Matar nan ta ɗaure ɗamara, tana bin bakin kogi tana tono saiwoyi da tsintar 'ya'yan itace, yaran kuma suna kama kifi da tsuntsaye. A wurin mutanen da suka saba da nama da nono, wannan shi ne ƙarshen talauci. A cikin wannan yunwa ne Temujin da ƙanensa Kasar suka harbe ɗan ubansu Bekter har lahira, a kan rigimar kifi da tsuntsun da ya ƙwace musu. Littafin bai ɓoye wannan ba, har ya kawo irin faɗan da uwar ta yi musu.

Daga baya Tayiciut suka dawo suka kama shi, suka maƙala masa wani katako mai nauyi a wuya wanda ya haɗa da hannuwansa. Wata rana da dare ana biki ya buge mai tsaronsa da katakon ya faɗa cikin kogi, ya bar fuskarsa kawai a waje. Wani bawan Allah mai suna Sorkan Shira ya gan shi bai tona ba, daga baya ma ya ɓoye shi a cikin amalanke cike da gashin tumaki, ya ba shi goɗiya ya gudu. Temujin bai manta da wannan alheri ba, don da ya samu mulki sai da ya saka wa mutumin da 'ya'yansa.

Ranar da dutse ya ɓoye shi

Da ya zama saurayi ya je ya ɗauko Borte. Ta zo da wata riga ta fatar dabbar daji, baƙa mai laushi, abu mai tsada ƙwarai a wurinsu. Maimakon ya ajiye a gida, sai ya kai ta gaisuwa wurin Togrul, sarkin Kerait, wanda aminin rantsuwa ne na mahaifinsa. Da riga ɗaya ya samu uba a siyasa.

To amma Markit ba su manta da amaryarsu da aka ƙwace ba. Wata rana da asuba wata tsohuwa mai yi musu aiki ta ji ƙasa tana girgiza da sukuwar dawaki, ta tayar da mutanen gida. Kowa ya haye doki, Ho'elun ta ɗauki ƙaramar 'yarta, aka nufi Burkhan Khaldun. Borte ba ta samu doki ba. Tsohuwar ta ɓoye ta a cikin amalanke, suna cikin tafiya gatarin ƙafar amalanken ya karye, mahara suka cim musu suka tafi da ita. Wallahi duk lokacin da na karanta wannan wuri sai na tsaya, domin wanda zai zo ya mallaki rabin duniya ya gudu ya bar amaryarsa.

Markit suka bi sawunsa har dutsen. Sau uku suna zagaye shi, amma caɓi da kurmi mai duhu suka hana dawakansu shiga. Shi kuwa yana can ciki yana bin turbar barewa, yana kwana a bukkar da ya haɗa da rassan itace. Da maharan suka gaji, suka ga dai sun rama abin da aka yi musu, sai suka juya. Ya tura mutum uku suka bi bayansu kwana uku don su tabbatar ba dabara ba ce, sannan ya sauko.

Abin da ya yi da ya sauko shi ne tushen duk bautar da ake yi wa dutsen har yau. Ya fuskanci rana, ya cire ɗamararsa ya rataya a wuya, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya bugi ƙirji, ya durƙusa sau tara, ya zuba nono a ƙasa. A al'adarsu ɗamara da hula su ne alamar 'yancin namiji da girmansa, wanda ya cire su ya mayar da kansa ba kowa ba. A nan ya yi alkawarin zai riƙa yi wa dutsen hadaya kowace safiya, kuma ya ɗora wa 'ya'yansa da jikokinsa wannan nauyi. Mongol na wancan zamani suna bauta wa abin da suke kira Tengri, wato Sama, suna kuma ganin kowane dutse da kogi yana da mai shi, bokayensu ne ke shiga tsakani. Wanda ya zauna a Abekuta ya san yadda mutanen Egba suke girmama dutsen Olumo saboda ya ɓoye kakanninsu lokacin yaƙi, to kusan irin wannan ne.

Daga nan ya garzaya wurin Togrul, ya kuma nemi Jamuka, amininsa na rantsuwa tun suna yara. Suka haɗa runduna suka auka wa Markit da dare suka ƙwato Borte. Ba ta daɗe da dawowa ba ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Joci. Temujin ya karɓe shi a matsayin ɗansa na fari, amma tsegumi bai bar yaron ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma shi ya jawo rikicin gado tsakaninsa da ƙanensa Cagatai.

Daga Temujin zuwa Cingis Khan

Zama bai yi daɗi tsakaninsa da Jamuka ba, ka san sarakuna biyu ba sa zama gari ɗaya. Suka rabu, suka yi yaƙi, har Jamuka ya taɓa ci shi da yaƙi mummunan ci. Amma Temujin yana da wata hanya da ta ja masa mutane: ba ya duba gidan da ka fito, biyayyarka da aikinka yake dubawa. Wani maƙeri daga gindin Burkhan Khaldun ya zo da zugazugi a baya ya miƙa masa ɗansa Jelme ya yi masa hidima. Jelme ya zama babban kwamanda, haka ma Subutai wanda aka ruwaito ƙanensa ne, wanda daga baya ya kai yaƙi har Turai.

A 1202 ya murƙushe Tattar, waɗanda suka kashe ubansa, ya kuma yi musu kisan da ba a manta ba. A 1203 Togrul ya juya masa baya, aka kore shi har ya rage da mutane kaɗan a bakin wani ruwa mai laka da ake kira Baljuna. Suka sha ruwan tare suka yi rantsuwar amana, kuma a cikinsu akwai Kirista da Musulmi 'yan kasuwa. A shekarar ce ya dawo ya ci Kerait, a 1204 ya ci Naiman. Jamuka kuwa mutanensa ne suka ɗaure shi suka kawo. Temujin ya fara kashe waɗanda suka ci amanar ubangidansu, sannan aka kashe Jamuka ba tare da an zubar da jininsa ba, kamar yadda ake yi wa masu daraja.

A 1206 aka yi babban taro a mafarin kogin Onon, wato a ƙasar dutsen nan dai, aka kafa farar tuta, aka ba shi sarautar Cingis Khan. Ya rushe tsarin ƙabilu ya raba mayaƙa goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har dubu goma. Shi bai iya karatu ba, amma ya sa wani magatakarda da aka kamo daga Naiman ya koya wa 'ya'yansa rubutu da haruffan Uigur. Ko bokaye bai ƙyale su su fi ƙarfinsa ba. Da babban boka Teb Tengri ya fara raba shi da 'yan'uwansa, sai ya bari aka karya masa baya.

Ayarin fatake da ya jawo bala'i

Ya fara da maƙwabta. A 1211 ya shiga yaƙi da daular Jin ta arewacin Sin, a 1215 babban birninsu Zhongdu, inda Beijin take a yau, ya faɗi. Sannan ya juya yamma, kuma a nan ne labarin ya shafe mu.

A lokacin Sarki Ala'uddin Muhammad na Khuwarizm ne ke mulkin Bukhara da Samarkand da yawancin ƙasar Farisa. Cingis ya nemi a yi ciniki tsakaninsu. A 1218 ya tura ayarin fatake kimanin mutum 450, Musulmi ne, suka sauka a garin Otrar da ke bakin iyaka. Gwamnan garin, Inalcuk, ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya kashe su ya kwashe dukiyar. Cingis ya tura jakadu uku a miƙa masa gwamnan. Sarki ya sa aka kashe ɗaya, aka aske wa biyun gemu aka kora su. Mu da muke fatauci a garin mutane mun san nauyin wannan labari, mun san yadda baƙo ke zama abin zargi cikin dare ɗaya, da yadda kwaɗayin mutum ɗaya mai riƙe da gari ke jawo wa kowa.

Masanin tarihi Juwaini ya ruwaito cewa da labarin ya iso, Cingis ya hau kan wani tudu shi kaɗai, ya cire hula, ya kifa fuska a ƙasa, ya yi kwana uku yana roƙo, irin abin da ya yi yana saurayi a gindin Burkhan Khaldun. Ya sauko ya tara runduna. A farkon 1220 Bukhara, garin Imamu Bukhari, ta faɗi. Juwaini ya ce a babban masallacin garin an mayar da akwatunan ajiye Alƙur'ani komin dawaki, malamai kuma aka sa su riƙon linzami. Samarkand ta biyo baya, sai Gurganj da Marwa da Naisabur da Herat. Garin da ya yi turjiya akan fitar da mutanensa fili, a ware masu sana'ar hannu, a kashe sauran. Adadin da marubutan zamanin suka kawo masana na yanzu suna ganin akwai ƙari a ciki, amma babu mai musun cewa manyan birane sun zama kufai. Sarki Muhammad ya mutu yana gudun hijira a wani tsibiri na tekun Kaspiyan. Ibn Al-Asir, wanda yake Mosul a lokacin, ya faɗa a littafinsa Al-Kamil cewa ya yi shekaru yana jin nauyin rubuta wannan musiba.

Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Laifin gwamnan Otrar laifi ne, amma matan Marwa da yaran Naisabur ba su kashe fatake ba. Kuma mutumin da ya yi wannan ɓarna shi ne ya ɗauke wa limamai da fada-fada da malaman Budda haraji a daularsa. A 1222 ya sa aka kawo masa wani tsoho malamin addinin Tao mai suna Cangcun tun daga Sin har duwatsun Afganistan, don ya ji an ce yana da maganin mutuwa. Tsohon ya gaya masa gaskiya cewa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, maganin mutuwa kam babu. Cingis bai yi fushi ba, ya girmama shi.

Kabarin da babu alama

Yaƙinsa na ƙarshe a kan daular Tangut ne. Ya faɗo daga doki a wurin farauta, jikin bai koma daidai ba, ya mutu a watan Agusta na 1227. Aka ɓoye mutuwar har aka gama da Tangut, aka ɗauki gawar zuwa gida. Rashiduddin, wazirin jikokinsa a Farisa, ya ruwaito cewa wata rana yana farauta a Burkhan Khaldun ya huta a ƙarƙashin wata bishiya ita kaɗai, wurin ya yi masa, ya ce nan yake so a binne shi. Ba a yi gini a kan kabarin ba, ba a kafa dutse ba. Akwai labaran da ake bayarwa cewa an kora dawaki sun tattake wurin, an kuma kashe waɗanda suka ga jana'izar. Abin da ya tabbata shi ne an killace yankin, aka kira shi Ikh Khorig, wato Babban Hani, aka sa mutanen Uriyankai gadinsa, babu mai shiga sai 'yan gidan sarauta.

Wani abin mamaki kuma, Berke, ɗan Jocin nan da ake wa tsegumi, shi ne ya musulunta, har ya yaƙi ɗan'uwansa Halaku bayan abin da ya faru a Bagadaza. A 1295 Gazan, na zuriyar Halakun kansa, shi ma ya musulunta.

Dutsen bayan mai shi

A ƙarni na 16 addinin Budda irin na Tibet ya mamaye Mongoliya. Malamansa ba su hana hawa dutse ba, sai suka rubuta nasu addu'o'in suka shigar da al'adar cikin addininsu. Zanabazar, babban malamin Budda na ƙasar wanda shi ma jinin Cingis ne, ya gina babban wurin ibada a cikin duwatsun Khentii a ƙarni na 17.

Da kwaminisanci ya zo aka kafa jamhuriya a 1924, abin ya canja. A ƙarshen shekarun 1930 aka rushe ɗaruruwan wuraren ibada, aka kashe dubban malamai, aka hana bikin duwatsu. Sunan Cingis kansa ya zama haɗari, domin Rasha ba ta manta da abin da jikokinsa suka yi mata ba. A 1962 aka shirya bikin cikarsa shekara 800, aka kafa masa abin tunawa a Dadal, aka buga kan sarki. Mosko ta nuna fushi, babban jami'in da ya jagoranci shirin, Tomor-Ocir, aka tuɓe shi aka kore shi daga babban birni, a 1985 kuma aka same shi an kashe.

Bayan sauyin 1990 sai komai ya dawo fili. A 1992 aka mayar da yankin Khan Khentii wurin da doka ta kare. A 1995 Shugaba Ocirbat ya sa hannu a dokar da ta dawo da bikin girmama duwatsu a hukumance, Burkhan Khaldun yana cikin na farko. A 2015 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Masu hawa suna bin tsohuwar hanya mai tarin duwatsu da itace da ake kira obo, suna zagaya kowanne sau uku, su ƙara dutse, su ɗaura shuɗin ƙyalle, su yayyafa nono. A al'ada mata ba sa hawa ƙololuwa. Hotonsa kuwa yana kan takardun kuɗin ƙasar, filin jirgin saman Ulanbata sunansa yake ɗauke da shi, kuma a 2008 aka kafa mutum-mutuminsa a kan doki mai tsayin mita 40.

Kabarin fa? A farkon shekarun 1990 wata tawaga ta Japanawa da Mongol ta yi shekaru tana nema, jama'a suka nuna ba sa so a taɓa wurin. Wasu daga Amurka sun gwada, wasu da hotunan tauraron ɗan Adam, har yau ba a gano ba. Yawancin 'yan ƙasar sun fi son a bar shi yadda yake, suna cewa mai shi ne ya zaɓi a ɓoye shi.

Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, a Bukhara da Herat ana tuna mutumin nan da kufai, a Ulanbata kuma ana kiransa uban ƙasa, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Shekara kusan 800 ke nan da mutuwarsa, daular ta watse tuntuni, amma alkawarin da saurayi ya ɗauka ranar da ya sauko daga dutse ba shi da mata ba shi da runduna, jikokinsa suna nan suna cika shi.

Allah ya tsare mu a inda muke zaune, ya ba mu shugabanni masu sanin haƙƙin baƙo.